Wafil na Gida Don Karin Kumallo: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin matan da ke tambayata yadda ake yin wafil suna da injinsa. An saka musu shi cikin kayan kicin lokacin aure, ko wani ya kawo tsaraba, yana nan a kwalinsa a saman kabad. Wasu sun gwada sau ɗaya, ya manne ko ya fito laɓe-laɓe kamar burodin da ya sha ruwa, suka mayar da injin inda yake. Na tara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya saba da shi. Duk macen da ta iya waina ta riga ta san rabin aikin, domin abin da tanda ke nema shi injin wafil ke nema: zafi sosai, isasshen mai, da barin abu ya gasu kafin a taɓa shi.

Wai mene ne wafil ɗin ma?

Kwaɓin fulawa ne da ƙwai da madara da mai, ana zuba shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu zafi, masu zanen gida-gida, a rufe. Idan ya gasu sai ya fito da ramuka kamar saƙar zuma. Masu Faransanci suna ce masa gaufre, don haka 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da wannan suna za su fi ganinsa a kanti. Ramukan nan ba kwalliya kawai ba ce. Su ne ke ƙara faɗin wurin da kwaɓi ke taɓa ƙarfe, shi ya sa bayansa ke yin garas-garas ko'ina, cikinsa kuma ya tsaya da laushi. Su ne kuma ke riƙe zuma ko bota idan an zuba. Wafil ɗin da babu wannan bambanci tsakanin bayansa da cikinsa bai yi ba, ko da ya yi zaƙi.

Daga wace ƙasa ya fito?

Daga yankin Beljiyam da Holan da arewacin Faransa. Tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce mutanen can suke gasa kwaɓi tsakanin ƙarafa biyu masu dogon mariƙi a kan garwashi, ana sayarwa a ƙofar majami'u da ranakun biki. Mutanen Holan da suka yi ƙaura ne suka kai shi Amurka. A ranar 24 ga Agusta 1869 wani mai suna Cornelius Swartwout na garin Troy a jihar Niyok ya karɓi takardar mallakar fasahar wani ƙarfen gasa wafil da ake ɗorawa a kan murhu ana juyawa, kuma har yau Amurkawa suna bikin ranar wafil a 24 ga Agusta. A baje kolin duniya na Niyok a 1964 wani ɗan Beljiyam, Maurice Vermersch, ya riƙa sayar da mai kauri da zurfin ramuka, da kirim da 'ya'yan itace a kai, daga nan sunan "wafil ɗin Beljiyam" ya bazu.

A Beljiyam ɗin kanta iri biyu aka fi sani. Na birnin Burasel dogo ne mai kusurwa huɗu, mara nauyi, ba shi da zaƙi sosai, ana barbaɗa masa garin sukari. Na birnin Liyej ƙarami ne mai nauyi, gefensa ba a daidaita ba, da ƙwayoyin sukari a ciki. A Holan akwai na garin Gouda, siriri, ana raba shi biyu a shafa narkakken sukari a tsakiya. 'Yan Suwidin nasu siriri ne mai siffar zuciya, ranar bikinsa 25 ga Maris.

Wane inji ya kamata in saya?

A jikin kwali za ki ga an rubuta waffle maker. Kafin ki kalli launi ko kyau, juya ƙasan injin ki karanta lambobi biyu.

Ta farko ƙarfin wutar da yake ɗauka. A Najeriya da Nijar da Ghana wutarmu bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka kuwa 120. Injin da aka yi wa Amurka, idan kika jona shi kai tsaye a nan, ƙonewa zai yi. Wannan ya faru da ni. Wata 'yar uwa ta kawo mini mai kyau daga can, na jona da murna, ko minti ɗaya bai yi ba sai ƙauri da hayaƙi, kuma bai sake tashi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai don ta sha wahalar ɗauko shi. Idan naki irin wannan ne, sai da na'urar rage ƙarfin wuta wadda za ta iya ɗaukar nauyinsa. Canza kan filogi kawai ba ya maganin komai.

Ta biyu wat, wato yawan wutar da injin ke ci. Yawancin na gida suna tsakanin wat 700 zuwa 1,200. Mai wat da yawa ya fi saurin mayar da zafinsa bayan an zuba kwaɓi mai sanyi, kuma wannan shi ne sirrin garas. Amma ki lissafa da abin da gidanki ke iya ɗauka. Ƙaramin janareto ba zai ja shi tare da firji da fanka ba, haka ma ƙaramar sola. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, injin zai yi ɗumi ne kawai, wafil ya dahu maimakon ya gasu.

Saboda wannan ni na fi son na ƙarfe da ake ɗorawa a kan gas ko risho ko gawayi. Ba ruwansa da ɗauke wuta, ba ya lalacewa, kuma ke ce mai iko da zafinsa. Aikinsa dai sai an tsaya a kai: minti biyu zuwa uku a gefe ɗaya, a juya, a ba ɗaya gefen kamar haka. Idan na lantarki za ki saya, nemi mai maɓallin ƙara zafi da ragewa, in da hali kuma wanda farantansa ke cirewa don wanki.

Me da me ake haɗawa, kuma nawa-nawa?

Ga ma'aunin da nake amfani da shi, yana ba da guda shida zuwa takwas gwargwadon girman inji:

- fulawa kofi 2, wato kamar giram 250
- bekin hoda babban cokali 1
- sukari babban cokali 2
- gishiri rabin ƙaramin cokali
- ƙwai 2
- madara kofi 1 da kashi uku cikin huɗu, kamar mililita 420
- narkakkiyar bota ko mai, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kofi
- ɗan abin ƙamshi: vanila, kirfa ko gyaɗar ƙamshi

Kofin da nake nufi na awo ne mai mililita 240, kusan gwangwanin madara ɗaya da rabi. Idan madarar gari ce, babban cokali uku zuwa huɗu a kowane kofin ruwa. Idan ta gwangwani ce, a haɗa ta da ruwa daidai wa daida. Kada ki tusa kofi cikin fulawa ki danna, za ki ɗebo fiye da kima. Ki zuba da cokali har ya cika, ki share saman da bayan wuƙa.

Yaya ake kwaɓawa?

Kwano biyu. A ɗaya ki tankaɗe fulawa da bekin hoda, ki zuba sukari da gishiri ki gauraya. A ɗayan ki kaɗa ƙwai da madara da mai. Idan bota ce ki bari ta ɗan huce, kuma madarar kada ta kasance daga firji take, in ba haka ba botar za ta daskare ta yi tsaki-tsaki. Sai ki juye na ruwan cikin na garin, ki juya da maburgi ko muciya har busasshen gari ya ɓace, ki tsaya nan. Za ki ga 'yan gudaji, ki ƙyale su, zafi zai narkar da su.

Na san hannunmu ya saba da bugun ƙullun ƙosai da na fanke, inda yawan bugu ke kawo kyau. A nan akasin haka ne. Fulawar alkama tana da wani sinadari da ke yin danƙo idan ya haɗu da ruwa aka yi ta juya shi. Danƙon nan shi mai burodi ke nema, amma a wafil shi ke sa ya yi tauri yana jan haƙori. Ki rufe kwaɓin ya huta minti goma yayin da inji ke ɗaukar zafi. Kaurinsa ya zama kamar na kunu mai ɗan kauri, yana zuba daga ludayi a hankali ba tare da yankewa ba.

Anti, nawa kullum da laushi yake fitowa, ba ya yin garas. Ina matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma dalilanta sun fi ɗaya.

Na farko, inji bai yi zafi ba. Fitilar da ke kunnawa ta ce ya shirya sau da yawa tana riga farantin yin zafin gaske. Ki ƙara masa minti biyu ko uku bayan ta kunna. Ki ɗiga ruwa kaɗan, idan ya yi cuu ya ƙafe nan take, to ya yi. Haka kuma tsakanin wafil ɗaya da na gaba ki rufe injin ya yi kamar minti ɗaya ya dawo da zafinsa. Kin san yadda wainar farko ke fitowa fara idan tanda ba ta ɗau wuta ba, abu ɗaya ne.

Na biyu, an cire shi da wuri. Ki riƙa kallon tururin da ke fita ta gefe. Tururin nan ruwan kwaɓi ne ke barinsa, kuma muddin yana fita da ƙarfi akwai sauran ruwa a ciki. Idan ya ragu ya koma ɗan siriri, sannan ki buɗe. A yawancin injina minti huɗu zuwa biyar ne. Launin da ake nema ja ne kamar na soyayyen cincin, ba fari ba.

Na uku, an yi rowar mai. Mata da yawa suna ganin rabin kofi sai su ce ya yi yawa, su rage zuwa cokali biyu. Man da ke cikin kwaɓi shi ke soya bayan wafil a jikin ƙarfe. Kina rage shi kina rage garas ɗin. Idan lafiya ce ta sa kike gudun mai, gara ki ci guda ɗaya mai kyau da ki ci uku marasa daɗi.

Na huɗu shi ya fi ba ni takaici, domin an yi komai daidai aka ɓata a ƙarshe: jera su ɗaya kan ɗaya a faranti, ko zuba su a kula a rufe. Wafil mai zafi yana ci gaba da fitar da tururi, idan bai sami hanya ba sai ya koma masa, cikin minti biyu ya yi gumi ya saki. Kula ta tuwo da shinkafa ce. Wafil a kan raga ake ɗora shi, irin ta cikin oba, iska na ratsa shi sama da ƙasa. Idan kina son kowa ya ci tare, ki kunna oba a ƙaramin zafi, digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Celsius, ki riƙa jera su a kan ragar kai tsaye.

Akwai kuma dabarar da ke ƙara armashi. Daga cikin kofi biyun fulawa ki cire kashi ɗaya cikin huɗu na kofi, ki mayar da sitacin masara, wato kon fulawa, ko garin shinkafa mai laushi. Su ba su da danƙo, don haka bayan wafil ya fi yin rumus kuma ya fi daɗewa bai saki ba. Lokacin damina, da iska ke da danshi, ba na yin wafil ba tare da wannan ba.

Yana mannewa, ko ya rabe biyu idan na buɗe.

Rabewa biyu alamar leƙe ce. An buɗe kafin bayansa ya kama, sama ya bi farantin sama, ƙasa ya tsaya a na ƙasa. Minti ukun farko kada ki taɓa murfin. Idan kin zo ɗagawa kika ji yana turjewa, ki ba shi rabin minti, wafil da ya gasu da kansa yake sakin ƙarfe. Ki shafa mai da burushi ko auduga mai tsabta kafin na farko, ki tabbatar ya shiga lungunan. Sukari da yawa a kwaɓi shi ma yana kawo kamu. Idan kuwa rufin hana mannewa na injin ya kakkarce, sai an riƙa shafa mai kowane zubi.

Nawa zan zuba a lokaci ɗaya?

Rabin kofi zuwa kashi uku cikin huɗu, a tsakiya, ki baza shi kaɗan, ki bar gefe kamar faɗin yatsa. Zai kumbura ya cika. Na farko gwaji ne, daga shi za ki gane ludayin da ya dace da injinki.

Dole ne sai na raba farin ƙwai da gwaiduwa?

Ba dole ba. Idan kika kaɗa farin daban har ya yi kumfa ya tsaya, kika sa shi a kwaɓi a ƙarshe a hankali, wafil zai fi sauƙi a baki, kamar na Burasel. Yana da kyau ranar hutu ko idan akwai baƙi. Da safiyar makaranta kuwa ba na yi, bambancin bai kai wahalar ba. Idan za ki yi, kwano da maburgi su kasance ba maiƙo, ɗigon gwaiduwa ma yana hana shi tashi.

Yis ko bekin hoda, wanne ya fi?

Bekin hoda don sauri, yis don ɗanɗano. Idan aka bar ni in zaɓi ɗaya, na yis zan ɗauka, kuma dalilin duk mai cin waina ya san shi: kwaɓin da ya kwana yana da wani ƙamshi da ɗan tsami-tsami da na yanzu-yanzu ba ya da shi. Ga kuma sauƙi, domin aikin da dare ake yinsa.

Bayan sallar isha ki haɗa fulawa kofi 2, busasshen yis ƙaramin cokali 1 da rabi, sukari babban cokali 1, gishiri, madara mai ɗumi kofi 1 da kashi uku cikin huɗu, narkakkiyar bota rabin kofi da ƙwai 2. Ɗumin madarar ya zama wanda yatsa ke jurewa, kamar ruwan wankan jariri. Idan ya kai digiri 60 yis ya mutu. Ki zuba a babban kwano don zai ninka, ki rufe, ki sa a firji. Da asuba ki juya shi sau biyu, ki gasa.

Littattafan girkin Turawa da yawa suna cewa a bar kwaɓin a kan tebur ya kwana. Wannan a ƙasar sanyi ne. A zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi na watan Afrilu, kwaɓi mai madara da ƙwai ba ya kwana a waje lafiya. Idan ba ki da tabbacin firji, ki kwaɓa da asuba ki ba shi awa ɗaya, zafin garin zai tashe shi. Lokacin hunturu ki ajiye kwanon kusa da murhu.

Bekin hoda kuma tana mutuwa idan ta daɗe a buɗe. Ki zuba rabin cokali a ruwan zafi, idan ba ta yi kumfa da ƙarfi ba ki sayi sabuwa.

Zan iya sa kindirmo ko nono a maimakon madara?

Ƙwarai, kuma a nan mun fi Turawa sa'a, domin madara mai tsami da suke nema a kanti don wafil mu tana ƙofar gida. Ki tsinka kindirmo da ɗan ruwa, ki auna daidai da madarar. Sai ki rage bekin hoda zuwa ƙaramin cokali 2, ki ƙara bekin soda rabin ƙaramin cokali. Sodar tana haɗuwa da tsamin ta ba da iska, ta kashe yawan tsamin, ta kuma sa wafil ya yi ja da kyau. Aikin da kanwa ke yi wa ƙullun waina ke nan. Kada ki wuce ma'auni, soda da yawa tana barin ɗanɗanon sabulu a baki.

Bota, man gyaɗa ko man shanu?

Bota ta fi ƙamshi, amma akwai ruwa a cikinta, kusan kashi ɗaya cikin shida. Man gyaɗa mai ne zalla, don haka ya fi ba da garas. Rabi da rabi shi ne abin da nake yi kullum. Soyayyen man shanu kuwa ya haɗa biyun, ga ƙamshi ga babu ruwa. Sai dai wanda aka soya da albasa na tuwo ne, ki soya na wafil daban ba komai a ciki.

Yaya ake yin na Liyej mai ƙwayoyin sukari?

Wannan kwaɓinsa na burodi ne, da hannu ake murza shi. Fulawa giram 250, yis ƙaramin cokali 1 da rabi, ƙwai 1, madara mai ɗumi kamar mililita 90, ɗan gishiri. A murza, sannan a riƙa sa bota mai laushi giram 120 kaɗan-kaɗan har ta shige. A rufe ya ninka. Daf da gashi a zuba sukari mai ƙwaya giram 120, a gauraya, a cura kamar girman ƙwai biyu. A Beljiyam suna da sukari na musamman da ba ya saurin narkewa. Idan babu shi, ki sami sukari mai kusurwa huɗu na shayi ki farfasa shi kamar girman wake. A gasa a matsakaicin zafi, domin sukari na fara narkewa ya yi ja ne a wajen digiri 160, kuma daga ja zuwa baƙi mai ɗaci ba nisa. Ki yi hattara da yara, narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna. Shi wannan ba ya buƙatar komai a kai, kuma yana da daɗi ko ya huce, shi ya sa ya dace da kwandon makaranta.

Maigida yana da ciwon suga. Akwai yadda zan yi masa?

Farar fulawa da sukari da zuma duk suna ɗaga suga da sauri, kada mu ruɗi kanmu. Abin da za ki iya shi ne ki cire sukarin gaba ɗaya, ki mayar da rabin fulawar garin alkama da aka niƙa da dusarsa, ki ƙara madara cokali biyu ko uku don ya fi shan ruwa, a ci da ƙwai da ganye maimakon abin zaƙi. Ko haka a tsaya a guda ɗaya, kuma abin da likitansa ya tsara shi ne gaba da maganata. Garin gero ko dawa ma suna shiga, amma da yake ba su da danƙo, idan suka wuce kashi ɗaya cikin uku wafil zai riƙa ruɓushewa.

Gaskiya ne ana zuba ƙullun ƙosai da na waina a injin?

Gaskiya ne, ina yi. Ƙullun ƙosai a buga shi kamar yadda aka saba, a sa masa mai babban cokali biyu ko uku a ciki, a shafe injin sosai, a ba shi minti shida zuwa bakwai don waken ya dahu har ciki. Ba zai maye gurbin ƙosan kasko ba, amma ba ya shan mai, kuma da kunu ko koko yana tafiya. Ƙullun waina ya fi saurin mannewa, sai an yi haƙuri da shi, amma bayansa yana yin garas fiye da na tanda, ga ramukan suna riƙe miyar taushe.

Da me ake ci?

Amurkawa da bota da ruwan zaƙin bishiyar mapul suke ci, wanda yawancinsa daga Kanada yake fitowa. Mai tsada ne a nan, kuma da yawa daga kwalaben da ke kantunanmu sukari ne da ƙamshi aka haɗa. Zumarmu ta fi su. Dabino da aka jiƙa aka markaɗa da ɗan ruwan ɗumi, ko mazarƙwaila da aka narkar, ko tunkuza da ayaba, ko mangwaro da kindirmo mai sanyi, duk sun dace. Idan ba a son zaƙi, a cire sukarin kwaɓi a ci da soyayyen ƙwai, dambun nama ko farfesun kaza. A kudancin Amurka soyayyar kaza da wafil abinci ne sananne. Duk abin da za a zuba mai ruwa, a zuba shi a gaban mai ci, kada a jiƙa tun daga kicin.

Na ji an ce akwai giya a cikin vanila.

Wadda ake tatsowa daga ainihin 'ya'yan vanila da barasa ake jiƙa ta, dokar Amurka ma ta ce kada barasar ta gaza kashi 35 cikin 100. Ki karanta jikin kwalba. Akwai ta gari, akwai ta ruwa da aka rubuta babu barasa. Kirfa ko ɓawon lemo da aka goga ma sun wadatar.

Ɗana ba ya cin ƙwai.

A madadin kowane ƙwai ki sa kindirmo kashi ɗaya cikin huɗu na kofi, ko rabin ayaba nunanniya da aka dame. Zai ɗan fi nauyi, ki ƙara masa minti ɗaya a wuta.

Zan iya yi da yawa in ajiye?

Kwaɓin bekin hoda gara a gasa shi a ranar, na yis yana kai kwana ɗaya a firji. Gasasshe kuwa a bari ya huce sarai a kan raga, a sa a leda mai zif da takarda a tsakaninsu. Kwana biyu zuwa uku a firji, wata biyu a firiza idan wuta na tsayawa. Idan firizarki tana narkewa tana sake daskarewa, kada ki dogara da ita, ki yi na kwana biyu kawai. Wajen ɗumamawa a mayar da shi injin na minti biyu, ko injin gasa burodi, ko busasshen kasko. Maikurowef laushi yake sa shi.

Yaya zan wanke injin?

Ki zare filogi tukuna. Yana da sauran ɗumi ki goge maiƙon da takarda ko tsumma, ki bi lungunan da tsohon burushin haƙori ko tsinken itace. Idan kwaɓi ya bushe a ciki, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ki rufe na minti biyar, zai saki. Na lantarki ba a tsoma shi a ruwa, ba a sa masa soson ƙarfe, ba a kuma ciro wafil da cokali mai yatsu na ƙarfe. Na ƙarfe zalla da ake ɗorawa a murhu a wanke shi, a mayar kan wuta ya bushe, a shafe shi da ɗan mai kafin a ajiye don kada ya yi tsatsa. Sukarin na Liyej a goge shi tun bai daskare ba, in ya daskare sai an sake kunna injin ya narke.

Ba ni da injin kwata-kwata. Zan iya a kasko ko tanda?

Kwaɓin zai gasu, yara kuma za su cinye, amma ramukan da garas ɗin ƙarafan biyu ne ke ba da su. Kaskon gashi mai layi-layi shi ya fi kusa, idan kika danna da wani faranti mai nauyi a sama. A tanda ki rage man kwaɓin zuwa babban cokali uku tunda za ki riƙa zuba mai a kowane gurbi, ki cika gurbin rabi kawai, ki juya idan gefen ya yi ja.